Wuta ba ta ɗauke ba, amma rumbun bayanai ya faɗi

A Garwa idan kwamfuta ta yi gardama ba a tsayawa dogon bincike. Ko wuta ce, ko zafi, ko bairos. Ban ga laifin mutane ba, don ukun nan sun sha yi mana ɓarna. A watan Maris da Afirilu zafi na haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo na ja da baya da rani wuta ta riƙa zuwa tana komawa, ƙurar hunturu kuwa babu fankar da ba ta toshewa. Sai dai akwai wata irin faɗuwa da ba ruwanta da ko ɗaya daga cikinsu. Injin na kunne, fitilarsa na haske, ɗakin da sanyi, amma rumbun bayanai ya yanke kowa, kashiya na tsaka da rubuta faktir allo ya ce babu haɗi. A kan irin wannan nake son yin magana, domin na ga an kashe kuɗi masu yawa ana maganin ciwon da babu shi.

Wani babban kantin sari da nake duba wa injuna, mai sayar da shinkafa da sukari da mai da sabulu, yana da reshe a Marwa. Duk lissafin kaya da na bashi yana cikin manhajar rumbun bayanai mai suna PostgreSQL, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke aiki da Linux, mai giga 8 na ram, wato ƙwaƙwalwar da shirye-shirye ke aiki a cikinta. Shekaru ana tafiya lafiya, in ban da ɗaukewar wuta. Da maigidan ya gaji, ya sa sola da batura, injin ya daina mutuwa. Ba a yi wata biyu ba sabuwar matsala ta kunno kai: duk bayan kwana goma sha wani abu rumbun zai yanke kowa, ƙarshen wata kuwa sai ya yi sau biyu ko uku a yini.

"Malam," in ji shi a waya, "mun sa sola, mun sa batir, mun sa na'urar sanyaya ɗaki. Yanzu kuma an ce mu sayi sabon inji. Me ya rage?"

Na ce, "Alhaji, a dakata da sayen. Kuma don Allah idan ya sake faɗuwa kada kowa ya kashe injin kafin in iso."

Wannan roƙo na biyu ya fi na farko muhimmanci, zan dawo kansa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne rumbun bayanai ɗan haya ne. Ko PostgreSQL ne, ko MySQL, ko MariaDB, ba shi ke da ram ba, ba shi ke da faifai ba, ba shi ke da ikon buɗe fayil ko karɓar layi, wato haɗin mai son shiga, daga waje ba. Duk abin da yake so sai ya roƙi maigida, wato kanel, zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da injin. Maigidan nan kuma yana da ƙa'idoji: fayil nawa kowane shiri zai riƙe a buɗe, 'yan aiki nawa zai iya tayarwa, wato ƙananan shirye-shirye masu gudana a ƙarƙashinsa, ram nawa zai ci. Idan ɗan haya ya kai iyaka, wani lokaci a ce masa babu, wani lokaci kuma a kashe shi nan take ba tare da sallama ba. Mu kuma da ke waje abin da muke gani kawai rumbu ya faɗi, sai mu kama shi da gyara, mu sake girka shi, mu zage shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Da na isa kantin, abu na farko da na tambayi injin shi ne tun yaushe yake kunne. Umarnin uptime ya ce kwana goma sha uku. Nan take wuta da zafi suka fita daga zargi, don da su ne da injin gaba ɗaya ya mutu ya tashi. Sai na buɗe kundin da PostgreSQL ke rubuta abin da ya same shi, na tarar da layin nan: server process was terminated by signal 9: Killed. Bayansa kuma terminating any other active server processes. Lamba 9 ita ce shaidar. Saƙon kisa ne wanda babu shirin da zai iya ƙi ko ya jinkirta, kuma rumbu ba ya aika wa kansa shi haka kawai. Wani ne daga waje. Da lamba 11 na gani da tunanina ya tafi ga kuskure a cikin shirin ko lalatacciyar ram, in kwana ina gwada ta da memtest86+. Amma 9 ce, saboda haka na juya ga kundin kanel da dmesg, kuma a daidai mintin nan ga shi a rubuce: Out of memory: Killed process, da lambar ɗan aikin, da sunan postgres.

A nan ya kamata a ɗan zauna, don yadda Linux ke rabon ram ba yadda yawancinmu muke zato ba ne. Ka ɗauki mai ajiyar kuɗi a kasuwa. Mutum ɗari sun san suna da kuɗi a wurinsa, shi kuma ya san ba rana ɗaya za su zo karɓa ba, don haka yana juya wani sashe. Haka Linux yake yi idan ba a hana shi ba. Shiri ya ce ina son giga ɗaya, ya ce an ba ka, alhali bai ware komai ba tukuna, sai lokacin da shirin ya fara rubutu a wurin. Yawancin shirye-shirye suna roƙon fiye da abin da za su taɓa, saboda haka dabarar tana aiki kusan kullum. Ranar da kowa ya zo karɓa lokaci ɗaya, babu ram, wurin aro na kan faifai da ake kira swap shi ma ya cika, kanel ba shi da yadda zai janye alkawarin da ya riga ya yi. Sai ya zaɓi ɗaya ya kashe. Zaɓin kuma ya fi karkata ga wanda ya fi kowa riƙe ram, ba ga wanda ya jawo matsalar ba. A injin da ke ɗauke da rumbun bayanai, wa ya fi kowa ƙiba? Shi ya sa sau da yawa wani shirin ne daban ya cinye wurin, rumbu ya sha wuƙar.

Me ya sa mutuwar ɗan aiki guda take yanke kowa? PostgreSQL yana tayar wa kowane layi da ya shigo ɗan aikinsa na kansa, amma dukansu suna cin kwano ɗaya, wato wani yanki na ram da suke tarayya a kai. Idan an kashe ɗaya ba shiri, babu wanda ya san ko ya bar rubutu rabi a kwanon. Uban tafiyar, wato babban shirin da ke tayar da su, sai ya sallami sauran duka, ya share kwanon, ya bi littafin da yake rubuta kowane canji kafin ya aiwatar, ya maido da komai daidai. Wannan yankewar da ke ɓata wa kashiya rai ita ce take tsare lissafin Alhaji. Faktir ɗin da aka riga aka tabbatar ba ya ɓata, wanda ake tsakiyar rubutawa ne kawai za a sake. Da na faɗa masa haka na ga ya sauke ajiyar zuciya, don ashe abin da ke hana shi barci littafin bashi ne.

To me ya cinye giga 8? Ruwa ba ya tsami banza. Na buɗe fayil ɗin saiti na tarar an taɓa lambobi biyu. PostgreSQL yana zuwa da max_connections a kan 100, an mayar da shi 500. Yana zuwa da work_mem a kan mega 4, an mayar da shi 256. Na san yadda aka yi, don hanya ce da kowa ke bi. Wata rana allo ya ce sorry, too many clients already, sai aka ɗaga iyakar layuka. Wata rana rahoto ya yi nauyi, aka karanta a intanet cewa work_mem na sa sauri, aka ɗaga shi. Kowanne ya yi maganin abin da ke gabansa a ranar.

Sai dai work_mem ba kason kowane mutum ba ne. Kason kowane aikin jerawa ko haɗawa ne a cikin tambaya ɗaya. Rahoton ƙarshen wata da ke jera kaya, ya haɗa da masu bashi, ya sake jerawa bisa kwanan wata, zai iya cin kason nan sau huɗu, giga ɗaya ke nan ga mutum ɗaya. Mutum shida su danna shi da yamma ɗaya, akawu da manaja da na Marwa, giga 6. Kwanon tarayya an ba shi giga 2. Ram ta ƙare tun ba a lissafa Linux kansa da manhajar kantin da ke zaune a injin ɗaya ba. Wannan ya bayyana faɗuwar ƙarshen wata.

Ta kwana goma sha wani abu ta fi ba ni wahala, kuma ita ce ta fi koya mini abu. Na duba pg_stat_activity, inda rumbun ke nuna duk wanda ke haɗe da shi, na ga layuka sama da ɗari uku zaune ba sa komai, alhali ma'aikatan kantin da na reshe gaba ɗaya ba su kai ashirin ba. Wani ɗan shiri ne da aka rubuta musu don buga lambar kwali, duk bugu sai ya buɗe layi, bai taɓa rufewa ba. Kowane layi ɗan aiki ne mai riƙe da 'yan megansa. Ƙari a kan haka, idan intanet ta katse tsakanin Marwa da Garwa layin ba ya mutuwa nan da nan a ɓangaren rumbu, don Linux yana jiran daƙiƙa 7200, awa biyu cur, kafin ya fara tambayar ko na can ɓangaren yana raye. Ɗan shirin nan ya yi shekaru yana wannan yoyo. Abin da ya rufa masa asiri ɗaukewar wuta ce: kusan kullum injin zai mutu, layukan su share, a fara daga sifiri. Da sola ta zo injin ya samu kwana goma sha uku a jere, yoyon ya samu lokacin cika randa. Ina ganin duk wanda ya koma sola a arewacin Kamaru ko Cadi ya kamata ya sa ido a kan wannan, don injunanmu da yawa ba su taɓa yin mako biyu a kunne ba sai yanzu.

Gyaran bai ci ko sefa ɗaya ba. Na dawo da work_mem zuwa mega 16, na bar wa asusun da ke fitar da rahoto shi kaɗai kaso mafi girma, don PostgreSQL yana yarda a saita shi ga kowane asusu daban. Na sauke layuka zuwa 100. Wanda ke da masu shiga da yawa da gaske, PgBouncer zai sa a gaba, ya tara ɗaruruwan layuka ya raba musu 'yan kaɗan na haƙiƙa. Sannan na bi shawarar da takardun PostgreSQL da kansu suka bayar, na mayar da vm.overcommit_memory zuwa 2, wato a hana mai ajiya yin alkawarin abin da ba shi da shi. Da haka yawanci tambayar da ta zo neman ram bayan kason ya ƙare ita za a ce wa babu, sauran su ci gaba da aiki. Amma akwai rami a nan da ya kamata a sani. A wannan yanayi abin da kanel zai yarda ya bayar shi ne swap a haɗa da wani kaso na ram, kason nan kuma yana zuwa a kan 50 cikin ɗari. Inji mai giga 8 da babu swap zai fara cewa babu tun a giga 4, rabin ram ɗin da aka saya da tsada yana zaune. Dole a ɗaga vm.overcommit_ratio tare da shi, a kuma bar swap ko da giga 2 ne.

Iyaka ta biyu da ke yawan kayar da mutane ita ce ta fayilolin da ke buɗe, kuma tarkon da ke cikinta ya fi na ram ɓoyuwa. A Linux kusan komai fayil ne a wurin lissafi: teburin bayanai, kundin rahoto, har layin da ya shigo ta intanet. Iyakar da aka saba ba kowane shiri ita ce 1024, gadon wata tsohuwar hanyar sauraron layuka mai suna select wadda ba ta iya wuce wannan lamba. Ga MySQL da MariaDB wannan na da zafi, domin su ɗan aiki ɗaya ne mai hannaye da yawa, duk layuka da duk tebura suna cin kaso ɗaya, kuma tun daga MySQL 5.6 kowane tebur na InnoDB da fayil ɗinsa yake zuwa. Na ga wannan a wata makaranta mai zaman kanta lokacin rajista, inda aka tara rumbunan shekaru da dama a inji ɗaya. Saƙon shi ne Too many open files, lamba 24.

Wanda ya binciki intanet za a ce masa ya gyara /etc/security/limits.conf. Zai gyara, ya fita ya sake shiga, ya buga ulimit -n ya ga 65536, ya tafi gida da murna. Bayan kwana biyu a sake kiransa. Dalili shi ne wancan fayil yana aiki ne a kan mutumin da ya shiga da suna da kalmar sirri. Rumbu kuwa ba shiga yake yi ba, systemd, shirin da ke tayar da sauran shirye-shirye idan injin ya tashi, shi ne ke tayar da shi, kuma systemd ba ya karanta wancan fayil. Lambar da ka gani taka ce, ba ta rumbu ba. Gaskiyar tana cikin /proc, a ƙarƙashin lambar ɗan aikin, a fayil mai suna limits. Abin da aka rubuta a can shi ne doka. Gyaran kuma da systemctl edit ake yi, a sa LimitNOFILE, a sake tayar da rumbun, a koma /proc a tabbatar. Tun daga systemd 240 a ƙarshen 2018 an ɗaga rufin sama zuwa 524288, amma iyakar da shiri ke farawa da ita an bar ta a 1024. Wasu masu haɗa manhajar sun riga sun ɗaga ta a nasu kunshin, wasu ba su yi ba, don haka kada a yi zato, a duba. Idan kuwa lambar 23 ce ba 24 ba, to ba kason shiri ɗaya ne ya ƙare ba, na injin gaba ɗaya ne, sai a duba fs.file-max.

Wani abu da ya shafe mu nan musamman: injunanmu da yawa da Faransanci aka girka su. Saƙon zai fito Trop de fichiers ouverts, ko Aucun espace disponible sur le périphérique, ka nema a intanet ka samu amsa ƙalilan. Riƙe lambar, ita ba ta canza harshe. 24 fayiloli, 28 wuri, 12 ram, 11 kuwa (ta kuskure ce, daban da 11 ta saƙon kisa da na ambata a baya) idan MySQL ya ce ya kasa tayar da sabon hannu, yawanci iyakar 'yan aiki ce, a duba TasksMax na systemd ko iyakar da aka sa wa asusun. Kanel kuma kullum da Ingilishi yake rubutu.

Lamba 28, No space left on device, ita ce mai fuska uku. Wani lokaci faifai ne ya cika da gaske. Wani lokaci df -h zai nuna akwai wuri, amma df -i ya nuna katunan rajistar fayiloli, inod, sun ƙare, saboda wani shiri ya zubar da miliyoyin ƙananan fayiloli. Wani lokaci kuma faifai ba ya cikin maganar sam: mai gudanar da PostgreSQL a cikin Docker, manhajar da ke killace shiri a akwatinsa, yana samun mega 64 kacal na /dev/shm, wani yankin ram na tarayya, idan bai ƙara ba, babbar tambaya ta zo ta ce babu wuri, shi kuma yana kallon faifai fanko. Idan ma faifan ne, zai yiwu ka goge ƙaton kundi ka ga wurin bai dawo ba, don wani shiri na riƙe da shi a buɗe. lsof +L1 zai nuna maka shi.

A nan ina roƙo da babbar murya. Idan faifai ya cika, PostgreSQL ya tsaya, za ka ga wani babban fayel mai suna pg_wal cike da fayiloli masu mega 16 kowanne. Kada ka taɓa su. Shi ne littafin da na ce rumbu ke bi ya maido da kansa. A da sunansa pg_xlog, mutane suka yi ta goge shi suna zaton tarkacen rahoto ne, har aka canza masa suna a fitowa ta 10 a 2017. Cikar faifai ana warware ta cikin awa ɗaya, a kwashe wasu abubuwan ko a ƙara faifai. Goge littafin nan kuwa yana iya tafiya da lissafin shekaru. Idan yana kumbura ba dalili, yawanci ko kwafin ajiya ne ya daina tafiya, ko wani inji na biyu da aka yi wa alkawarin ajiye masa canje-canje ya mutu an manta da shi.

Na ce zan dawo kan roƙon kada a kashe injin. Abin da dmesg ke nunawa a ram yake zaune, ana kashewa ya tafi. A wasu injuna kundin systemd shi ma haka yake, sai idan akwai /var/log/journal. Mu kuwa hannunmu ya saba, da abu ya tsaya sai maɓallin wuta. Kashewar tana share layukan da suka taru, komai ya dawo daidai, shaidar kuma ta bi ruwa, a jira wasu kwana goma. Saboda haka kafin in bar kantin na tabbatar kundin yana zama a faifai, ta yadda journalctl -k -b -1 zai nuna abin da kanel ya faɗa kafin tashin ƙarshe. Na kuma manna takarda a jikin injin, na roƙi babban kashiya ya riƙa rubuta ranar da mintin da abin ya tsaya. Da wannan mintin ake haɗa kundin rumbu da na kanel. A lura kawai, injuna da yawa suna rubutu da agogon duniya, mu kuma a Kamaru da Cadi muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka ƙarfe huɗu na kashiya ƙarfe uku ne a kundi.

Ɗan shirin buga lambar kwali har yanzu yana yoyo, wanda ya rubuta shi yana Ngaundere, ya ce zai duba bayan salla. Kafin nan na sa wa asusunsa shi kaɗai idle_session_timeout, wanda ya shigo a fitowa ta 14 a 2021, duk layin da ya zauna minti goma ba aiki a rufe shi, na kuma rage jiran layukan Marwa zuwa minti biyar. Ƙarshen watan da ya wuce na je na zauna kusa da akawu yana fitar da rahotonsa. Layuka ashirin da bakwai ne a haɗe, ram ba ta wuce giga 5 ba, takardar jikin injin kuma babu sabon rubutu. Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, to kuɗin sabon injin fa?" Na ce a sayi faifai na biyu da ɗan kaɗan daga ciki, don kwafin ajiyarsu har yau a kan faifan da rumbun yake ake ajiye shi.